Kili da turkensa

Unguwar Zariya, Maraɗi, daren Laraba

Yau Isa ya zo daga Tsibiri duba dokina Kili. Tare muka yi karatu a lakwal. Shi yana nan likitan dabbobi, ni an sallame ni daga aiki. Wata uku ke nan dokin nan yana gwaguyar turke yana haɗiyar iska, har haƙarƙarinsa ya fito. Na shafa barkono, bai daina ba.

Isa ya ce in doki na gwaguya, jikinsa kan saki wani abu mai sa maye, allurar da ya kawo kuma tana toshe wannan daɗin. Da ya yi masa, Kili ya saki turke, ya yi ta hamma, cikinsa na ƙugi, ya zubar da kashi mai laushi. Ko awa ba a yi ba ya koma gwaguyar turkensa.

Matata Hajiya ta ce, "Malam, shi turke, kai rediyo da zagin 'yan siyasa. Yaushe rabonka da hawansa?"

Tun sallamar ne. Bawan Allah, ashe zamana yake taya ni. Na kakkaɓe sirdi; da asuba sai Jiratawa, ko a hankali ne.