Tsinken Kuza daga Riruwai

Daga Hudu a Riruwai zuwa ga yayana Barau, maƙerin Guci. Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Yaya Zinariya da yara? Allah ya sa gero ya yi kyau.

Fatake sun kawo saƙonka cewa in dawo gida. Yaya, ka yi haƙuri, ba yanzu ba.

Garin nan duwatsu ne ko'ina, da tsofaffin ramukan da kakannin mutanen garin suka haƙo kuza. Ba a kunna wutar narka sai dattawa sun ziyarci kushewar mahaƙan farko, liman ya yi addu'a, an raba sadakar gumba. Sannan a zuba narkakkiyar kuza cikin yumɓu mai siraran ramuka, ta fito tsinke-tsinke.

Lafiyata ƙalau. Maganar hannuna ƙarama ce. Ranar da aka fara ba ni zubi, na yayyafa wa yumɓun ruwa, yadda muke wa ƙarfe a maƙerarmu. Kuza ta yi tartsatsi, ta same ni a hannun dama. Yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa tukuna. Kada Inna ta ji.

Maigidana Gajere ya ce mai hannu ɗaya ba ya zubi, in koma zuga. Na roƙe shi ya ba ni wata guda in gwada.

Ka aiko min da man kaɗanya. Allah ya sada mu da alheri.

Tsinken kuzar da na naɗe cikin takardar nan na Inna ne. Na san ya karkace. Da hagu na zuba shi, kuma na gaba zai miƙe.