Ni da Kubit ɗin Auta

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta dawo daga jami'a da akwatinta duka. Ta faɗi kwas ɗin lissafin kwamfutar kwantum. An ba ta damar sake jarrabawar ranar ashirin ga wata, ta ce ba za ta koma ba. Na ce ta kawo littafin kwas ɗin. Shekara talatin da biyu ina koyar da lissafi a sakandare, ba a gidana za a gudu daga lissafi ba.

Laraba, 5 ga Maris

Babi na ɗaya ba wuya. Kwamfutar da muka sani, sifili ne ko ɗaya. Ita wannan, ƙwayarta da suke kira kubit tana riƙe da lamba biyu: ta sifili da ta ɗaya. Ka ninka kowace da kanta, ka samu yiwuwar fitowarta idan an auna, kuma jimillar dole ta zama ɗaya. Na ba ta 3/5 da 4/5. Ta fitar da 9/25 da 16/25, fuska a murtuke. Uwarta ta ce mu kwashe takardunmu daga teburin cin abinci. Ba mu kwashe ba.

Asabar, 8 ga Maris

Akwai kuskure a shafi na 41. Sun ce wani matriks, wato jadawalin lambobi, na mayar da kubit daga sifili zuwa rabi-da-rabi, in ka sake sa shi kuma ya koma sifili tsaf. Ina! Ka jefa kwabo sama sau biyu, ai har yanzu rabi-da-rabi ne. Na gyara musu da biro.

Lahadi, 9 ga Maris

Ta ga gyaran. Ta rufe littafin ta ajiye.

Talata, 11 ga Maris

Yau ta ce, “Baba, ba kuskure ba ne.” Na ce yaushe aka haife ta. Ta ja kujera ta zauna. Wai ni yiwuwa nake haɗawa, alhali lambobin nan biyu ake fara haɗawa kafin a ninka, kuma ɗaya na ɗauke da alamar debewa. “Rabi a debe rabi, Baba, me ya rage?” Har muryarta ta ɗaga. Sai ta tsaya, ta zuba wa takardar ido, ta ce a hankali, “Au. Ashe abin da na kasa rubutawa ke nan a jarrabawar.”

Na ce zan duba. Na tafi ban ruwan shuke-shuke, ko da yake da safe na ba su.

Laraba, 12 ga Maris

Na yi shi sau uku. Yarinyar ce da gaskiya. Biro kuma ba ya goguwa.

Uwarta ta ce, “To Malam, ka faɗa mata mana.” Na ce ai ta sani.

Talata, 18 ga Maris

Ta koma. A tasha na so in ce wani abu, sai na ce ta kula da jakarta.

Asabar, 22 ga Maris

Jiya a waya ta ce jarrabawar ba laifi, sakamako sai wata mai zuwa. Littafin ta bari a nan, wai ta manta. Na shiga babi na huɗu, kubit biyu da ba a iya raba lissafinsu. Tun jiya na maƙale a shafi na 67.

Bayan la'asar na kira ta, don in ji lafiyarta kawai. Ta ce, “Wane shafi, Baba?”

Minti arba'in muka yi. Ta ce in yi tambaya ta uku da ta biyar kafin Litinin. Na gama ta ukun.