Hatsin da Inna ta bari

Yaya Ɗandije,

Assalamu alaikum. Ina Nasiba da yara da mutanen Tabla? Ni lafiya lau nan Burkina, sai ƙugu da ke ɗan taɓa ni wurin duƙe a gonar gwajin iri.

An ce za ka shuka hatsin da Inna ta bar mini a gefen gonar maƙwabcinmu Magagi mai cike da shibra, hatsin dajin nan mai fitowa da kanshi. Yaya, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Hatsi ba kyasuwa ba ne. Ciyawar kyasuwa ita kaɗai take yin ƙwayarta, ɗiya sak uwa. Hatsi kuwa iska ke kawo mashi bununin maƙwabci, iri ya gurɓace.

Ka kai shi gonar tudu, ko ka bar shi rumbu har in zo in shuka da hannuna.

Allah ya ba da damana mai albarka.

Ƙanwarka,
Basiratu