Simintin da na cusa a bango

Litinin, 6 ga Oktoba
Likita ya yanke magana: matata Beryl ba za ta dawo gida ba sai bangon ɗakinmu ya bushe. Tana garin Lewes wajen 'yarmu Philippa, tana ta tari. Shekara arba'in da ɗaya da aurenmu, ban taɓa dafa shayi kofi ɗaya ba sai yau.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Tuppen magini ya zo. Ya hau tsani ya ɗaga tayil ɗin da ke rataye a bango, sai ya yi tsaki.
"Mista Funnell, wane gwani ne ya toshe tsakaninsu da siminti? Ai tayil rataya shi ake yi, iska ta riƙa bi ta baya. Ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita, katakon duk ya ruɓe."
Na ce masu gidan na da ne.
Ni ne. Damina goma sha takwas ke nan. Har maƙwabta na kira su zo su gani.

Asabar, 11 ga Oktoba
Ruwa tun safe. Ɗakin sai warin fumfuna.

Talata, 14 ga Oktoba
Tuppen ba ya gajiya da zagin "wancan gwanin". Yau cewa ya yi kamata ya yi a ƙwace masa cokalin gini a ba shi na shayi. Na yi dariya har da tafi. Kunya kamar ƙasa ta tsage.
Gefen bangon nan Beryl take kwana. Ita ta zaɓa, wai don kada sanyi ya taɓa mini baya.

Lahadi, 19 ga Oktoba
Na je Lewes. Beryl ta rame. Ta tambayi abin da magini ya gano, na fara maganar masu gidan na da. Ta bar ni na kai ƙarshe.
"Clive, ni fa na riƙe maka tsanin."
Na ce to ni na sa mata ciwon nan ke nan. Ta ce in daina shirme in miƙo mata ruwa. A mota na yi kukana.

Litinin, 20 ga Oktoba
Na riga Tuppen hawa tsani, da guduma a hannu. Ya ce in sauko, simintin nan tauri gare shi, zan fasa tayil.
Na ce na san taurinsa, yashi uku siminti ɗaya ne.
Ya daɗe yana kallona. Sannan ya riƙe mini tsanin, ya ce in fara daga hagu.