Wa Ya Toshe Mana Rariya?

Assalamu alaikum Anti Juwairiyya. Ki taimake ni, kada gidana ya rushe. Ni babban ɗan kwangila ne, gidajena a Abuja ban san adadinsu ba, amma na Kurmin Kogi na fi so, ginin ƙasa ne na gado.

Bara muka yi tafiyar mako biyu a tsakiyar damina. Da muka dawo, tsakar gida ta zama tafki, bangon ɗakin hatsi ya zauna, masara ta tsiro a cikin buhu. Aka duba, ashe rariyar da ke fitar da ruwa ta gindin katanga aka cusa wa tsumma da dutse. Kowa ya ce maƙwabcinmu Malam Lado ne, don ruwan ta ƙofarsa yake bi, kuma ya sha yin mita. Tun ranar ko gaisuwa babu. Ni ma dai kallon da yake wa katangarmu bai kwanta min ba.

Yanzu jibi za mu Makarfi jinyar kaka, ga hadari kullum, kuma duk layin babu mai zama gida sai shi. A ba shi makulli?

To Anti, bari in daina. Ko keke ba ni da shi. Safiyanu ne, ɗan autan gidan, allo kaɗai na yi, da wayar yayata na rubuto. Ina kiwon zomaye a tsakar gidan, amma wannan bai shafi maganar ba.

AMSA

Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe ɗan kwangila.

Safiyanu, ya shafe ta. Malam Lado yana da dalilin jin haushi, ba wanda ke son kwata a ƙofarsa. Sai dai ba ka faɗa min ta wane gefe aka cusa tsumman ba, ta waje ko ta ciki. Mai zomaye ya fi kowa sanin ta inda suke ficewa.

Kafin jibi, ku share rariyar, ka sa mata ragar waya, ruwa ya wuce, zomo ya tsaya. Ku hau soro ku kwashe ganye da ledar da ke cikin indararo, ku yaɓe duk tsaga. Ku ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango. Ku haƙa ɗan lambatu da zai kauce wa ƙofar maƙwabcinku.

Duk wannan bai kai mutumin da zai leƙa gidan bayan kowane ruwan sama ba, kuma Malam Lado ne. Mahaifinka ba zai miƙa masa makulli yana zarginsa ba. Idan akwai abin da ka sani, ka faɗa wa Baba yau, faɗan yini ɗaya ne. Sannan ka bi shi ku je ku ba bawan Allah haƙuri.

Allah ya ba kaka lafiya, ya sa ku tarar da gida a tsaye.