Sharaɗin Ɗaukar Jika

Litinin, 6 ga Oktoba
An sallamo Auta da jaririnta daga asibiti. Bakwaini ne, ɗan mitsitsi. Na miƙa hannu zan ɗauka, sai mijinta, Mai Tabarau, ya tare ni da ladabin nan nasa mai ban haushi. Wai likita ya ce duk mai ɗaukar yaron sai ya yi allurar rigakafin mura. Ya san sarai ina shan maganin tsinka jini tun da zuciyata ta taɓu. Ya sani.

Laraba, 8 ga Oktoba
Tun ina saurayi nake aski, babu mai koya min sha'anin jini. Bara reza ta ɗan lashi yatsana, sai da na ɓata tawul guda. Wannan jikin za a soka wa allura? Ni dai ina zargin surukin nan nawa bai yafe min ba, don na taɓa cewa bai dace da Auta ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ya samu hanyar tsayar da ni a bakin ƙofa ne, ya fake da likita.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Uwar yara ma ta je an yi mata. Sun haɗa baki.

Juma'a, 10 ga Oktoba
Na samo dabara. Na daina shan ƙwayar, in jinin ya yi kauri sai in je su soka. Ina jefa ta cikin gwangwanin tsofaffin reza a shago. Ban gaya wa kowa ba.

Litinin, 13 ga Oktoba
Mai Tabarau ya zo shago wai zai kai ni asibiti. Idonsa da ba ya zama wuri ɗaya ya faɗa cikin gwangwanin. Na shirya faɗa, sai na ga ya cire tabarau.

"Baba, tun yaushe?"

Na ce ina ruwansa. Ya ce mahaifinsa ma haka ya ajiye irin wannan magani a ɓoye, don za a cire masa haƙori, gudan jini ya haye masa kai. Na san uban ya rasu. Ban taɓa tambayar dalili ba.

A asibiti nas ta wanke ni tas. Wai barin maganin ne haɗarin, ba allurar ba. Likita ya mayar da ni kan ƙwayar, ya ce sai an auna jinina. Na ji tsoro, gaskiya.

Litinin, 20 ga Oktoba
An yi. Siririyar allura ce, nas ta ce a danne wurin da auduga na ɗan lokaci, kada a murza. Mai Tabarau ne ya danne min, har bayan ta ce ya isa. Na wuni ina leƙa hannun rigata. Ɗan tabo kawai. Ƙila gobe ya kumbura.

Talata, 21 ga Oktoba
Bai kumbura ba.

Talata, 4 ga Nuwamba
Sun ce rigakafin ya kama jiki. Shi da kansa ya ɗora min yaron a cinya. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Hancina ne da shi, ko da suna cewa na ubansa ne.

Sumar uban ta yi yawa, abin kunya ga surukin mai aski. Na ce ya biyo shago gobe. Don sumar ce kawai.