Haƙoran Gamsheƙar Baba

Rafin Guza, Kaduna
15 ga Zulƙida

Zuwa ga Yayana Maliki,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Harira da yara gaba ɗaya. Yaya garin Kumasi, yaya kasuwa, yaya kuma ƙafar nan taka mai kumbura in ka daɗe a tsaye? Allah ya ƙara sauƙi, ya rufa asiri, ya sa zamanka can ya zame mana alheri. Mu nan muna nan, sai abin da ba a rasa ba. Damina ta sauka da ƙarfinta, lungunmu ya koma taɓo, katangar gidanmu ta fara tsagewa ta wajen da Baba yake ɗaure akuya. Maigidana lafiya lau, yara suna zuwa makaranta, ni kuma ɗinkin Sallah ya taru mini har ba na ganin gabana.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Dalili kuwa kai ne. Sau huɗu ina kiran ka, mu yi hira lafiya ƙalau, amma da na ambaci kwandunan macizan Baba sai ka ce ba ka ji na, layi ya lalace. Yaya, layin da yake ɗaukar labarin ƙwallo da na bikin maƙwabtanka ba tare da ya shaƙe ba, shi ne ba ya iya ɗaukar maganata? Ni ba yarinya ba ce. Shi ya sa na rubuta, na ba Alhaji Hamisu mai motar albasa, na kuma roƙe shi ya danƙa maka hannu da hannu, kada ya tashi daga rumfarka sai ya ga ka karanta har ƙasa.

Ka ji cewa maciji ya sari ƙaninmu Adamu, ka kuma yi jaje ta waya, amma ba ka ji yadda abin ya faru ba. Ka tuna wurin shaƙatawar nan na bakin kogi inda Baba ya samu rumfa shekara shida da suka wuce, bayan wasan bin kasuwanni ya daina ci. Akwai lilo da ƙaramin jirgin ƙasa na yara, akwai kududdufin kadoji da aka zagaye da waya, mutane suna jefa musu kan kaza suna ihu, rumfarmu kuma tana dab da wurin. Ranar biyu ga Ƙaramar Sallah na kai yarana, wurin ya cika maƙil, ba wajen sa ƙafa. Adamu ya sa jar rigar Baba mai layu, ya gama rataya wa mutane mesa a wuya suna ɗaukar hoto, sannan ya buɗe kwandon baƙar gamsheƙar nan da Baba yake kira Amarya. Ya ɗaga ta zai sumbaci kanta kamar yadda Baba yake yi, sai ta kai masa sara a hannun dama, tsakanin babban yatsa da manuniya. Mutane suka ɗauki tafi, a zatonsu cikin wasan ne. Shi kuma ya yi dariya, ya ɗaga hannun sama kowa ya ɗauka a waya, yana cewa ɗan gidan magani ne shi, dafi ba ya kama shi. Ni kaɗai ce a wurin nan na san abin da na gani, na zauna a ƙasa da kayan Sallata.

Na yi kuka, na yi roƙo, ya ƙi asibiti. Ya ce allura tana karya maganin gado, ya dawo gida ya sha jiƙon saiwar nan da Baba yake ba mu tun muna goye. Kafin gari ya waye hannun ya zama kamar taɓarya, ya yi baƙi, ya fara ɗoyi. Sai da mazan unguwa huɗu suka danne shi aka cusa shi a napep. Sati uku muna asibiti. An yanke babban yatsan da manuniya, an kankare naman bayan hannun har ana hango jijiya. Ranar da za a sallame mu likitan ya ja ni gefe, ya ce wannan karon Allah ne kawai ya yi da sauran kwana, in aka sake kawo shi a irin wannan hali kada mu sa rai.

To Yaya, ni da kai mun san abin da Adamu bai sani ba, yau kuma sai na rubuta shi ko da hannuna zai karye. Ina 'yar shekara tara na zaga bayan ɗakin Baba neman ƙwan kaza wata Juma'a da hantsi, na tarar da ku. Kai ka danne wuyan maciji da sanda mai baki biyu, Baba ya sa ya ciji tsumma ya fizge, sannan ya bi da ɗan hantsaki yana cire abin da ya rage na haƙoran. Ya jefa su a gwangwanin madara. Da ya gan ni bai doke ni ba, ya zaunar da ni a cinyarsa ya ce haƙoran suna sake tsirowa, duk bayan 'yan makonni sai an cire, kuma in na faɗa wa wani tuwon gidanmu ya ƙare. Ya sa na rantse. Kai kuwa da Alƙur'ani ya rantsar da kai, kai ka faɗa mini da bakinka daga baya. Tun daga lokacin da ka san gaskiya ka fara jin tsoron macizan a gaban jama'a, har ka tattara ka bar sana'ar ka bar ƙasar. Shi ya sa Baba ya ƙi faɗa wa Adamu. Ya ce mini ya riga ya rasa ɗa ɗaya saboda sani, ba zai rasa na biyu ba, rashin tsoron Adamu shi ne abin da mutane suke zuwa kallo. Shekara ashirin yana aika shi kasuwa sayo ƙwai da kwaɗi duk ranar da zai yi aikin, ya kulle ƙofa ya yi shi kaɗai.

Ba kai kaɗai nake zargi ba, nawa laifin ya fi naka tunda ni ina nan. Da ciwon shanyewar jiki ya kama Baba a watan Sha'aban, magana ta ɗauke masa lokaci guda. Kwana tara yana kwance, in Adamu ya shigo sai ya yi ta nuna kwandunan da hannunsa mai lafiya, hawaye yana bin kunnensa. Adamu ya riƙa shafa masa kai yana cewa ya kwantar da hankalinsa, zai kula da su, ba zai bari gado ya faɗi ba. Ina tsaye da kofin kunu a hannu, na san abin da Baba yake so ya faɗa, na yi shiru. Da Baba ya rasu na ce in ka zo ta'aziyya za ka ja Adamu gefe, kai ne babba. Ka zo, ka yi kwana uku, ka koma. Kai ka ɗauka Baba ya faɗa masa, ni na ɗauka ka faɗa masa, ko kuma dai duk mun san ba haka ba ne, muka ga shirun ya fi sauƙi. Duk tsawon azumi haƙoran nan suna tsirowa a cikin kwando, ni kuma ina ɗinkin kayan Sallah.

Bayan mun dawo daga asibiti na karya rantsuwata, na zaunar da shi na faɗa masa komai. Wallahi Yaya ban taɓa ganin ya dube ni irin duban ranar nan ba. Ya ce ashe har Baba yana kabari ba zan bar shi ya huta ba, zan mai da shi maƙaryaci, mai damfarar jama'a. Na shiga ɗakin Baba na tono gwangwanin daga ƙarƙashin gado na zazzage masa a tabarma, haƙora sun fi cikin tafi biyu, ga hantsakin a ciki. Ya ce ai wannan ya daɗe da sani, su ne Baba yake dakawa cikin magani, hantsakin kuma na cire ƙaya ne. Na ce to me ya sa maganin bai tsare shi ba? Nan ne ya kashe mini jiki. Ka san gidanmu ba a cin tarwaɗa, Baba ya ce tana karya magani. To wai ya bincika, ranar Sallah matarsa Aziza ta ari tukunyar maƙwabta ta yi miya, tukunyar kuwa an taɓa dafa tarwaɗa a ciki. Shi ke nan ya samu dalilinsa. Yau kwana ashirin bai ci abincin yarinyar nan ba, ita kuma baiwar Allah ta yarda ita ta jawo, kullum tana wanke masa ciwon tana ba shi haƙuri.

Yanzu ga inda muke. Manajan wurin shaƙatawar ya zo dubiya da lemo da burodi, ya tafi da alƙawari. Sun buga ƙaton hoton Adamu sun rataye a bakin ƙofa, sama da hoton kadojin, an rubuta a zo a ga wanda gamsheƙa ta sara bai mutu ba, zai sake karawa da ita ranar Babbar Sallah. Na yafa mayafi na je ofishin mutumin nan, ya bar ni a tsaye ya ce Adamu ba yaro ba ne, ya kuma sa hannu a takarda cewa da yardarsa. Na yi tunanin in sa a kashe macijiyar, to kwandunan suna can wurin a kulle, kuma ko na kashe ta zai sa a kamo masa wata daga daji da haƙoranta cif. Na kai ƙara wajen limamin unguwa, ya yi masa nasiha, ya saurara cikin ladabi ya ce ya gode. Kullum da safe yana tsakar gida da guntuwar igiya, yana koya wa hannun hagu yadda ake cafke wuya. Igiyar ma sau nawa tana suɓuce masa ina kallo.

Abu ɗaya ne ya rage mini. Ranar da muka yi faɗan ƙarshe ya ce mace ba ta san sirrin sana'a ba, amma in Yaya Maliki, wanda ya riƙe wa Baba sanda, ya dube shi ya faɗa masa haka da bakinsa, zai kai kwandunan daji ya buɗe su ya dawo gida. Ya faɗa ne don ya tabbata ba za ka faɗa ba. Na san rantsuwar tana maka nauyi, shi ya sa na tambayi malam ba tare da na kama suna ba. Ya ce rantsuwar da riƙe ta zai kai ga halaka rai, wajibi ne a karya ta a yi kaffara. Ni na yi tawa, ban mutu ba. Na kuma san ba rantsuwar ce kaɗai ba, ba ka son ka zama wanda zai ce wa Adamu ubansa ya yi masa ƙarya shekara ashirin. Ni ma ina son Baba, da wannan hantsakin ya ciyar da mu ya aurar da ni, kullum ina roƙa masa gafara. Amma shi ya riga ya tafi, ba abin da maganarka za ta rage masa, Adamu kuwa yana nan da yatsu takwas. Kada ka ce za ka yi ta waya, zai ce ni na sa ka. Ka biyo Alhaji Hamisu in zai juyo, ya ce akwai wuri a gaban mota.

Ba zan ɓoye maka ba, zuciyata ba ta ba ni za ka zo ba. Na san ka, za ka ninke takardar nan ka sa a aljihu, ka ce sai kasuwa ta lafa, ka yi ta addu'a daga nesa. Ni dai na gaji, abinci ba ya shiga, na rasa wanda zan kai wa kukana. Shekaranjiya Adamu ya kawo mini jar rigar Baba, ya ce in wanke jinin, in sake ɗinke layun da suka saki, in kuma rage hannun hagu don kada ya riƙa harɗe shi. Na karɓa, don in na ƙi zai kai wa wani tela ya gama masa a yini ɗaya. Tana nan kan kekena. Na ce masa zare ya ƙare, gobe zan ce allura ta karye, ban san abin da zan ce jibi ba. Saura kwana ashirin da biyar Sallah. In ka yanke ba za ka zo ba, to ka daure ka faɗa wa Alhaji Hamisu gaskiya ya kawo mini, in gama rigar, in kuma sayi farin yadi in ajiye, kada ranar ta zo mu shiga neman likkafani a kasuwar da take rufe.

Ka gaishe mini da Yaya Harira, ka ce na ga atamfar, Allah ya saka da alheri. Ka shafa mini kan Balki da Zahra'u, Allah ya raya su. Maigidana da yara suna gaisuwa, Aziza ma ta ce a gaishe ka, ka kuma roƙar mata mijinta ya yafe mata. Adamu ya shigo yanzu ya same ni ina rubutu, bai san abin da ke ciki ba. Ya ce in gaishe ka da kyau, in ce maka kada ka damu da shi, ya riƙe duk abin da Baba ya koya masa, bai saki ko ɗaya ba.

Wassalam. Taka ƙanwa,
Halima